Kafin A Haƙa Ramin Kwal: Yadda Ake Duba Takardar Neman Izni

Darasinmu na wannan fitowa rabinsa labarin ƙasa ne, rabinsa kuwa sanin yadda ake mulki. Zan yi bayanin yadda hukuma ke duba takardar kamfanin da ya nemi iznin haƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa, da irin tambayoyin da ake yi masa kafin a ce masa i ko a'a. Na zaɓi wannan magana ne don yawancinku ɗalibai, in kun gama kwaleji, ƙauyuka za a tura ku koyarwa, waɗansunku kuwa a bisa kwal za ku riƙa kwana ba ku sani ba. Ran da aka kawo wata takarda daga Abuja, ku ne mai gari zai aika a kira ku karanta masa.

KWAL DA INDA YAKE A ƘASARMU

Mu nan Kumbiya-Kumbiya gawayin itace muka sani, wanda ake sayarwa a buhu ko a kwano, maƙeri ya hura, mai guga ya zuba a dutsen gugarsa. Kwal ɗan'uwansa ne, amma shi dutse ne baƙi. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na fadamun zamanin da, waɗanda laka da yashi suka binne, nauyin ƙasa da zafinta suka matse su shekaru miliyoyi har suka zama dutse mai cin wuta. Don haka ba a dunƙule ake samunsa ba, a shimfiɗe yake kamar tabarma tsakanin waɗansu duwatsu, wani wuri kusa da sama, wani wuri can ƙasa da nisa.

A Nijeriya an fara gano shi a shekarar 1909 kusa da Udi. Aka soma haƙa a 1915, a 1916 kuma aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga nan zuwa Fatakwal don kai shi bakin teku. Saboda kwal ne garin Inugu ya kafu. Ramukan can na ƙarƙashin ƙasa ne, ta gefen tsauni ake shiga a bi kwal ɗin ciki. Wajen 1958 abin da ake fitarwa ya kai kimanin tan 900,000 a shekara. Daga nan sai kasuwarsa ta faɗi, don jiragen ƙasa sun koma shan man dizal, sa'an nan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki har ruwa ya cika ramuka.

Kwal bai tsaya a Inugu ba. Ya biyo ta Okaba a jihar Kogi, da Owukpa a jihar Binuwai, da Lafiya da Obi a jihar Nasarawa, har ya iso mana nan. A Maiganga, kusa da Kumo cikin ƙaramar hukumar Akko, kamfanin siminti na Ashaka ya fara haƙarsa wajen 2007 don hura wutar masana'antarsa, har aka ta da mutanen ƙauyen aka sake musu mazauni.

HANYOYIN HAƘA BIYU

In kwal yana kusa da sama, sai a kawo manyan motoci su yaye ƙasar da ke bisansa, a kwashe shi a fili rana na dukan kowa. Irin wannan buɗaɗɗen rami shi ne na Maiganga, haka kuma na Anu Araren kusa da Agadas a Jamhuriyar Nijar. Amma in ya yi zurfi, har kuɗin yaye ƙasa ya fi kuɗin kwal ɗin da za a samu, to, sai a haƙa rijiya ko a fasa hanya ta gefen tudu, mutane su shiga ciki su yi aiki da duwatsu a bisa kawunansu, gonaki da gidaje kuma na can sama.

Wannan na biyu shi ne abin da muke magana a kansa. Buɗaɗɗen rami kowa na ganin abin da ake yi a cikinsa. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa ba mai gani sai wanda ya shiga, kuma kuskuren da aka yi wajen tsara shi da wuya ya gyaru bayan an haƙa. Ran gini, ran zane. Shi ya sa duba takarda tun ba a sari ƙasa ba ya zama babban aiki.

WA KE DA IKON BA DA IZNI?

Na sha yi wa ɗalibai wannan tambaya a aji. Waɗansu su ce Gwamna, waɗansu su ce Sarki, waɗansu su ce ai mai gona ne. Duk ba haka ba ne. Tsarin mulki na 1999, sashe na 44, ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasar Nijeriya yana hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007, da ƙa'idodinta na 2011, su suka shimfiɗa yadda ake neman izni. Watau gona taka ce ka noma, amma kwal ɗin da ke ƙarƙashinta ba naka ba ne.

Ofishin da ke karɓar takardu shi ne ofishin rajistar filayen ma'adinai na Abuja, wanda ake ce wa ofishin Kadasta. Yana riƙe da taswirar ƙasa duka, an yanka ta gida-gida, an rubuta wanda ke riƙe da kowane gida. Ƙa'idarsa, wanda ya riga kawo takarda cikakkiya shi ake fara dubawa. Tun 2022 ta intanet ake shigar da takardun.

Ba a tashi ɗaya ake samun iznin haƙa ba. Da farko kamfani zai nemi lasin bincike, na shekara 3, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara 2 kowane, filinsa kuma kada ya wuce murabba'in kilomita 200. Da wannan zai yi ta huda ƙasa yana ciro dutse, ya san zurfin kwal da kaurinsa da irin dutsen da ke bisansa. Sai ya tabbata akwai abin haƙa kāna ya nemi babban lasin haƙa, wanda Ministan Ma'adinai ke sa wa hannu. Wannan na shekara 25 ne, filinsa kuma kada ya wuce murabba'in kilomita 50. Ku lura da shekarun nan. Yaron da ke aji ɗaya ran da aka sa hannu, kafin lasin ya ƙare ya zama magidanci.

A ofishin Kadasta ana duba ko kamfanin na da rajista a Nijeriya, ko yana da kuɗin aikin, ko yana da injiniya ko masanin duwatsu mai takardar shaida, ko filin ba ya hannun wani, da kuma takardar yardar masu ƙasa. Doka ta kuma keɓe wuraren da ba a taɓawa, kamar gari, da kasuwa, da maƙabarta, da abin da ke cikin mita 50 daga hanyar jirgin ƙasa.

To, ko lasin ya fito, ba a fara aiki sai an cika sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, a kai tsarin aikin ga sashen sufetocin ma'adinai. Na biyu, a kai rahoton abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska, wanda hukumar muhalli ta amince da shi. Na uku, a ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin. Na huɗu, a biya diyya ga waɗanda za a taɓa gonakinsu.

TAMBAYOYI BIYAR

Yanzu mu zo ga zuciyar darasin, watau abin da mai dubawa ke nema cikin tsarin ramin ƙarƙashin ƙasa. Tambayoyin nan ba wani ne ya zauna a ofis ya ƙago su don wahal da mutane ba. Kowace ɗaya sai da aka yi jana'iza mai yawa kāna aka koye ta.

Ta farko, ƙofa nawa ce? A ran 16 ga Janairu 1862, a ramin Hartley a Ingila, wani ƙaton ƙarfen injin jan ruwa ya karye ya faɗa cikin rijiyar ramin ya toshe ta. Rijiyar kuwa ita kaɗai ce. Mutum 204 suka mutu, da manya da yara, yawancinsu ba ƙarfen ne ya same su ba, iska ce ta ɓaci suna jiran a tono su. A wannan shekara aka yi doka a Ingila cewa kowane ramin kwal sai da mafita biyu. Don haka abin da sufeto zai fara nema a taswira shi ne hanya ta biyu, da nisanta da ta farko, don kada abin da ya toshe ɗaya ya toshe ɗayar.

Ta biyu, ina iska za ta shiga, ina za ta fita? Kun san masu haƙar rijiya na garinmu, in rijiya ta yi zurfi sukan zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai sauka. A ramin kwal abin ya fi haka wuya, don fitilar da kanta na iya zama ajali. Kwal na fitar da wata iskar gas da masana ke kira mitan, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar rami, ƙyastu ɗaya ya isa ta fashe. Fashewar kuma sai ta ta da ƙurar kwal, ƙurar ita ma ta kama, wuta ta bi hanyoyin rami duka. Haka ya faru a Wankie, a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, ran 6 ga Yuni 1972, mutum fiye da 420 suka halaka. Mai dubawa zai tambayi girman fankar da za ta ja iska, da abin da zai faru in wutar lantarki ta ɗauke, da na'urar auna gas, da ko za a riƙa watsa garin farar ƙasa a hanyoyi don ya kashe ƙarfin ƙurar. Zai kuma tambayi inda za a ajiye nakiya da wanda zai riƙe mabuɗi. Ƙurar nan har wa yau tana cin huhun lebura a hankali, ko da ba ta taɓa kama wuta ba.

Ta uku, me zai riƙe rufi? Duk wanda ya taɓa zama a soro ya san aikin ginshiƙi da azara. A rami ba a kwashe kwal duka, ana barin waɗansu sassa a tsaye su zama ginshiƙai. To, ga inda jarraba take: ginshiƙin nan shi ma kwal ne, kuɗi ne a tsaye, kullum zuciya na raya wa mai rami ya ɗan ƙara sassaƙarsa. A Coalbrook, a Afirka ta Kudu, ginshiƙai sun yi tsawo sun yi siriri, ran 21 ga Janairu 1960 suka karye bi da bi, rufi ya zauna a kan mutum fiye da 430, ba a fitar da ko gawarsu ba. Bayan wannan ne masana biyu, Salamon da Munro, suka fitar a 1967 da lissafin ƙarfin ginshiƙi gwargwadon faɗinsa da tsawonsa. Saboda haka sufeto ba zai yarda da "ai zai riƙe" ba, sai an nuna masa lissafi. Akwai kuma wata hanya da ake kwashe kwal duka, a bar rufi ya zauna a baya da gangan. Nan sai ƙasar sama ta lotsa, bango ya tsage, rijiya ta ƙafe. Dole takarda ta nuna gidajen wa da gonakin wa ke bisa wurin.

Ta huɗu, ina ruwa zai tafi? Rami mai zurfi babbar rijiya ce, ruwan ƙasa na kewaye duk gare shi zai gangara. In an sa famfo ana ja dare da rana, rijiyoyin ƙauye na iya ja baya. Ban da wannan, cikin kwal akwai wani dutse mai ƙibiritu, in ya gamu da iska da ruwa sai ruwan ya yi tsami, ya yi ja kamar tsatsa, ya ci ƙarfe, ya kashe kifi. Ramukan Inugu sun sha fama da wannan, har ruwan na cin famfunan da ke jansa. Mu mutanen Gombe ba sai an gaya mana darajar ruwa ba, tun da daga Dadin Kowa ake jawo mana na famfo, kowa kuma ya san kuɗin jarka da bazara. Mai dubawa zai nemi a auna zurfin rijiyoyin ƙauye da kyan ruwansu tun ba a fara aiki ba. In ba a auna a farko ba, ran da rijiya ta ƙafe ba mai hujjar da zai kafa.

Ta biyar, ina za a zuba tarkace, wa kuma zai rufe rami? A Aberfan, a yankin Wels na Birtaniya, an tara tarkacen rami ya zama tsauni a bisa idon ruwa, a saman gari. Ran 21 ga Oktoba 1966 da safe, bayan ruwan sama mai yawa, tsaunin ya zame ya rufe makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne, da malamansu 5. Ina roƙon kowane malami ya riƙe wannan labari. Game da rufe rami kuwa, wanda ya je Jos da Bukur ya ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, suna cin mutane da dabbobi shekaru bayan kamfanonin sun tafi. Don haka dokar 2007 ta ce mai lasin ya kawo tsarin gyaran wuri, ya kuma riƙa zuba kuɗi a wani asusu na musamman tun yana cikin samun riba.

MUTANEN DA KE SAMA

Rahoton muhalli da na ambata yana ƙarƙashin dokar 1992 ne, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke duba shi. Kafin ta yanke magana sai an baje rahoton kwana 21 na aiki a wuraren da jama'a za su iya gani, kamar sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a kuma yi shela a jarida da rediyo. Cikin kwanakin nan kowa na da ikon ya rubuta abin da ya gani. Bayan haka masana su zauna su bi rahoton, a babban aiki har da taron jama'a.

Yarjejeniya da mutanen wuri ita ma doka ce, ba alfarma ba. Ana iya sa maganar ruwan sha a ciki, da hanya, da asibiti, da makaranta, da tallafin karatu, da ɗaukar 'yan gari aiki. Ana sake duba ta duk shekara 5. In an kasa daidaitawa sai a kai wa Minista. A kowace jiha kuma doka ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli, mai ba da shawara kan diyya da makamantanta. Jaridu sun sha kawo koke-koken mutanen Maiganga a kan ruwa da gonaki da gidajen da aka sake musu. Darasin da ke ciki shi ne, ko buɗaɗɗen rami da kowa ke gani yana jawo doguwar magana, balle wanda ke ɓoye.

INDA MALAMI YA SHIGO

A ganina dokarmu ba ta rasa kyau a takarda ba. Inda ake samun rauni shi ne wajen cika ta. Ƙasa na da faɗi, sufeto ba ya kwana a bakin kowane rami. Rahoto kan zo da Turanci mai wuya, kauri kamar ƙamus, a ajiye shi a ofis, kwana 21 su wuce wanda abin ya shafa bai ji ba. Mun kuma ga abin da haƙa ba da dubawa ba ke jawowa: a 2010, a ƙauyukan Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta kashe yara wajen 400.

Mai dubawa na Abuja ya san lissafin ginshiƙi, amma bai san rijiyar da ba ta ƙafewa ko da fari ba, bai san tsohuwar maƙabartar da ciyawa ta rufe ba, bai san burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki sanin mutanen gari ya mai da shi rubutu, ya kai shi inda ake dubawa kafin lokaci ya ƙure. Wannan aikin malami ne.

In ya same ku, ga shawarata. Ku je ku ga rahoton da idonku, ku nemi taswira, ku gano ƙauyenku da makarantarku a kai. Ku karanta wa jama'a da harshensu, ba ƙari ba ragi, ko abin ya yi muku daɗi ko bai yi ba. Ku tabbata an ji muryar mata, don su ke ɗiban ruwa, da ta makiyaya. Duk alkawarin da aka yi da baki, ku ce a rubuta shi da adadi da rana: rijiyar burtsatse nawa, a ina, yaushe, wa zai gyara in ta lalace. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ku ajiye kwafi wajen mai gari, wani kuma a makaranta. Kada kuma ku ɗauka aikinku shi ne ku hana ko ku tura. Kwal arziki ne, yana kawo aiki da siminti da wuta. Aikinku shi ne mutane su san abin da suka yarda da shi, leburan da zai shiga rami kuma ya fito da ƙafarsa.

AIKI A AJI

Ku sa yara su gina ginshiƙai 9 na yumɓu, su ɗora katako a kai, su jera duwatsu a bisansa. In sun bushe, a riƙa kankare ginshiƙan kaɗan-kaɗan da wuƙa, yara na ƙidaya, har katakon ya zauna. Sa'an nan ku kunna kyandir ku kife masa kwalba, su ga abin da rashin iska ke yi.

TAMBAYOYI

1. Wa ke da mallakar kwal ɗin da ke ƙarƙashin gona, wace doka kuma ta faɗi haka?
2. Kawo sharuɗɗa huɗu da mai lasin zai cika kafin ya fara aiki.
3. Don me ake auna rijiyoyin ƙauye tun ba a fara haƙa ba?
4. Zana taswirar ƙauyenku, ka nuna wuraren da za ka so mai dubawa ya sani.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani jama'a da shi, amin.